Yadda Ake Tara Mil Ba a Bar Gida Ba

A Amurka akwai wani kuɗi da ba gwamnati ke buga shi ba. Ba ya shiga aljihu, ba a sayen burodi da shi a bakin titi, amma injiniyoyi da likitoci da malaman jami'a suna tashi da asuba saboda shi. Wasu kamfanoni suna kiransa mil, wasu su ce maki. Kamfanonin jiragen sama da bankuna da manyan otal-otal ne ke buga shi, su ke yanke masa daraja, kuma su ke da ikon wayar gari su ce wanda ke hannunka ya ragu. Wanda ya tara da yawa yana iya tashi daga New York zuwa Tokyo a kujerar da ke miƙewa ta zama gado, a kawo masa rigar barci da silifas, bai biya komai ba sai harajin filin jirgi. Saboda haka nemansa ya zama sana'a mai ƙa'idoji da gwanaye da 'yan koyo, kuma ta cancanci a yi bayaninta a tsanake.

Sai an fara bambance kati da kati. Wanda yawancinmu ke miƙa wa mai POS, kuɗinka ne a cikinsa. Ranar da asusu ya bushe, kati ya zama roba. Katin bashi kuwa kuɗin banki ne. Ka yi wata guda cur kana sayayya da shi, ƙarshen wata banki ya turo maka lissafi. In ka biya duka kafin wa'adi, ko sisi ba a ƙara maka. In ka biya rabi, sauran ya fara haihuwa, kuma a 'yan shekarun nan matsakaicin kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, za mu dawo gare shi.

Abin da banki ke ba ka don ka riƙa goga katinsa gyara ce, irin wadda mai awo ke ƙara maka bayan ya cika mudu. Sai dai mai awo daga buhunsa yake ɗiba, shi kuwa banki daga buhun mai kanti. Duk lokacin da aka biya da kati, mai kanti ba ya karɓar kuɗinsa cif; ana zaftare masa wajen kashi 2 cikin 100, wani lokaci har 3, kuma kaso mafi tsoka yana tafiya ga bankin da ya ba da katin. A cikin wannan ne banki ke yanko ɗaya ko biyu cikin ɗari ya mayar wa mai kati, ko tsabar kuɗi ko mil. Mai kanti shi ma ba sadaka ya fito yi ba. Sai ya ɗora abin a kan farashin kaya, kowa ya biya, da mai kati da wanda ya zo da tsabarsa a hannu.

Bankunan Amurka sun daɗe da sanin daɗin kyauta. Wata doka da ta samo asali daga 1933 ta ƙayyade ribar da za su iya ba masu ajiya, don haka shekaru da dama gasarsu ta koma ta kayan gida: ka buɗe asusu, ka fito da na'urar gasa burodi a hammata. Na jirgi ya zo daga baya. A 1978 gwamnati ta cire hannunta daga yanke farashin tikiti, kamfanoni suka shiga kokawar fasinja, sai American Airlines ya fito da shirin AAdvantage a watan Mayun 1981: ka yi tafiya da mu, mu rubuta maka nisan da ka yi, in ya taru mu ba ka tikiti. Cikin 'yan kwanaki United ya bi sahu. A 1986 katin Discover ya bazu da alkawarin mayar wa mai sayayya wani abu daga kuɗinsa, a 1987 kuma Citibank ya fitar da katin da ke ba da mil na American Airlines a kan kowace dala da aka kashe. Tun daga nan mil ya rabu da tafiya. Mutum yana iya tara nisan da ya kai zagaya duniya alhali iyakarsa kantin unguwa da gidan mai.

Amma mil ɗaya a kan dala ɗaya tafiyar hawainiya ce. Darajar mil ba ta cika wuce santi ɗaya zuwa biyu ba, sai mutum ya kashe dukiya kafin ya ga tikiti. Inda naman yake shi ne garaɓasar maraba, wato abin da banki ke zuba wa sabon mai kati a tashi ɗaya in ya kashe wani adadi cikin wata uku na farko. A watan Agustan 2016 bankin Chase ya fito da katin Sapphire Reserve: kuɗin shekara dala 450, ka kashe dala 4,000 cikin wata uku, a ba ka maki 100,000, waɗanda a shafin tafiye-tafiyen bankin suka kai dala 1,500. Da ƙarfe aka yi katin, yana da nauyi a hannu, in ya faɗi kan tebur yana ƙara. Jama'a suka yi ca a kansa har ƙarfen ya ƙare wa banki, aka koma aika wa mutane na roba na wucin gadi. Manya masu iyali suka riƙa ɗaukar bidiyon kansu suna buɗe ambulan ɗin katin bashi suna sa wa a YouTube. Ƙarshen shekarar shugaban bankin, Jamie Dimon, ya ce katin zai rage musu ribar wata ukun ƙarshe da dala miliyan 200 zuwa 300.

Ɗan sana'a na gaske ba ya auren kati. Ya buɗe, ya cika sharaɗi, ya kwashe garaɓasa, kafin kuɗin shekara ta biyu ya zagayo ya rufe ko ya sauya shi da marar kuɗin shekara, sannan ya nufi banki na gaba. Yana da jadawali a kwamfuta da ya fi na wasu ma'aikatu tsari: ranar buɗe kowane kati, saura nawa a kashe, ranar biya, ranar rufewa. A walat ɗinsa kowane kati da 'yar takarda manne a jiki, wannan na gidan abinci, wannan na man mota, wannan na kantin cefane, domin kowanne da inda makinsa ke ninkuwa. Matarsa ma an sa ta a layi. Shi ya gayyace ta ta buɗe kati ya samu tukuicin gayyata, ita ta samu garaɓasar maraba, wata mai zuwa su juya. In abokai suka fita cin abinci, shi ne mai rige-rigen biya wa kowa, su kuma su ba shi tsaba. Ana ganin karamci ne, alhali saura dala ɗari uku ya cika sharaɗi kafin Juma'a.

Haka ake yi da asusun ajiya ma. Banki ya ce duk wanda ya buɗe sabon asusu ya sa albashinsa ya riƙa shigowa ta nan za a ba shi dala ɗari biyu ko uku. Sai mutum ya je ofishin biyan albashi na wurin aikinsa ya ce a raba masa albashi gida uku, kowane kaso da bankinsa, bayan wata shida ya dawo ya ce a sake lale. Hukumar haraji tana ɗaukar wannan kyautar ta asusu a matsayin riba, sai an biya mata nata, amma makin da aka samu ta sayayya da kati tana ɗaukarsa rangwame ne, ba ta taɓawa. Bankuna kuma sun farga. Chase yana da wata ƙa'ida da 'yan sana'a ke kira 5/24: wanda ya buɗe kati biyar cikin wata 24, daga kowane banki, ba za a ba shi sabo ba. American Express ya ce garaɓasar kowane kati sau ɗaya ce a rayuwar mutum.

A tarihin wannan sana'a babu wanda ake ambata da girmamawa kamar David Phillips, wani injiniya da ke aiki a Jami'ar Kalifoniya ta garin Davis. A 1999 kamfanin abinci na Healthy Choice ya yi tallar cewa duk wanda ya yanko ɗan zanen layi-layin nan da na'urar kanti ke haskawa a jikin kaya, guda goma, ya aiko musu, za a ba shi mil 500. In ya aiko kafin ƙarshen watan Mayu, a ninka masa ya zama 1,000. Kamfanin yana tunanin abincinsa na firji ne, mai dala biyu ko fiye. Phillips ya karanta sharuɗɗan har ƙasa, ya ga ba a ce wane kaya ba. Ya fara da miyar gwangwani. Sai wata rana a wani kantin araha mai suna Grocery Outlet ya ci karo da fudin na kamfanin, wani abin zaƙi mai kauri na cakulan da ake zubawa a ɗan kofin roba, kowane kofi santi 25, kuma kowane kofi da nasa zanen. Ya yi lissafi a tsaye: kofi goma dala biyu da rabi, dala biyu da rabi mil dubu.

Ya nemo babbar mota ya bi rassan kantin da ke kewayen Sacramento yana share kantoci. Da ma'aikata suka fara kallonsa, sai ya ce musu tanadi yake yi saboda shigowar shekarar 2000, lokacin da ake fargabar kwamfutocin duniya za su rikice. A wancan zamanin wannan amsa ce da ba ta ba kowa mamaki. Ya tara kofi 12,150. Suka cika gareji, suka shigo falo. Nan matsala ta biyu ta taso: wa'adi na matsowa, shi da matarsa da 'ya'yansa ba za su iya ɓare takarda dubu goma sha biyu ba. Sai ya je wurin ƙungiyar agaji ta Salvation Army ya ce zai ba su fudin ɗin duka sadaka, su kuma masu aikin sa-kansu su ɓare masa takardun. Aka daidaita. Mabuƙata suka sha fudin, shi ya samu takardunsa a kan kari, kuma tun da kyauta ya bayar ga ƙungiyar agaji, gwamnati ta rage masa harajin dala 815. Abin da ya kashe gaba ɗaya dala 3,140. Abin da aka rubuta masa mil 1,253,000. Sama da miliyan ɗaya daga ciki ya zuba a asusunsa na American Airlines, kamfanin ya ba shi matsayin zinariya na har abada, matsayin da aka tanada don mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a sararin sama. A 2002 aka saka labarinsa a fim ɗin Punch-Drunk Love.

Ni ina ganin mutumin nan ya cancanci yabonsa. Bai yi ƙarya a takarda ba, bai ci bashin da ya fi ƙarfinsa ba, ba wanda ya kwana da yunwa saboda shi. Kamfani ya rubuta sharaɗi bai karanta ba, shi ya karanta.

Na sulalla ya fi buƙatar ƙarfin ƙugu. Gwamnatin Amurka ta daɗe tana so mutane su karɓi dala ta ƙarfe maimakon ta takarda, domin ƙarfe ya fi daɗewa, mutane kuma sun ƙi. A 2008 hukumar buga sulalla ta ce to, duk mai so ya yi oda ta intanet, dala a kan dala ba ƙari, za a kawo masa har ƙofar gida, kuɗin dako a kan gwamnati, kuma ana karɓar katin bashi. Ga yadda aikin yake. Ka yi odar sulalla na dala dubu goma da katinka, banki ya rubuta maka mil dubu goma saboda ka yi sayayya. Motar dako ta sauke maka akwatuna. Kowane sule nauyinsa giram 8.1 ne, ke nan dala dubu goma kilo 81, ya fi buhun siminti ɗaya da rabi. Ba sai ka buɗe akwatin ba. Ka ciccibe shi ka sa a but, ka kai bankinka, ka zuba a asusu, ka biya katin da kuɗin, ka koma gida ka sake oda. A ƙarshen 2009 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin wani da ya sakaya sunansa wanda ya ce ya sayi sulalla na dala 800,000 ta wannan hanya. In aka auna, ya kusa tan shida da rabi, duka ta ƙofar gida ɗaya. Sulallan da aka buga don su zagaya kasuwa suka riƙa tashi daga hukuma zuwa gidan mutum, daga gidan mutum zuwa rumbun banki, ba su taɓa ganin hannun mai shago ba. A watan Yulin 2011 hukumar ta daina karɓar katin bashi.

Da aka toshe wannan ƙofa sai aka koma katunan kyauta, waɗanda ake loda wa kuɗi a saya a kanti. Wani masanin kimiyyar fiziks, Konstantin Anikeev, yana da katin American Express da ke mayar da kashi 5 cikin 100 na sayayyar kantin cefane da na magani, ba iyaka. Shi da matarsa suka riƙa zuwa kanti suna sayen katunan kyauta na Visa, su juya su zuwa takardar aika kuɗi, su zuba a banki, su biya kati, su sake komawa kanti. A 2013 da 2014 sun goga kusan dala miliyan 6.4, suka samu sama da dala 300,000. Hukumar haraji ta ce wannan ya wuce rangwame, ya zama albashi. Aka je kotun haraji, a 2021 alƙali ya raba gardama: abin da suka samu ta sayen katin kyauta ba haraji a kansa, amma inda suka sayi takardar kuɗi kai tsaye da katin bashi, wannan kuɗi aka saya da kuɗi, sai su biya.

Akwai kuma masu neman matsayi, waɗanda dole su hau jirgin da gaske. Kamfanoni suna raba fasinjojinsu aji-aji, azurfa da zinariya da abin da ya fi, kuma mai babban aji shi ake fara kira, akwatinsa kyauta, yana da zauren hutawa da shayi a filin jirgi, wani lokaci a ɗaga shi zuwa kujerun gaba. Ajin yana ƙarewa da shekara. Don haka a watan Disamba akan ga mutum ya tashi daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan, tafiyar awa biyar ko shida, ya sauka, ya shiga bayan gida, ya koma cikin jirgin da ya kawo shi. Ba shi da kowa a garin, bai ma fita ya shaƙi iskarsa ba. Ya yi tafiyar ne don baɗi ya samu damar yin tafiya cikin sauƙi. A ƙarshen 2024 kamfanin SAS na ƙasashen Sikandinebiya, da ya koma ƙawancen SkyTeam, ya ce duk wanda ya hau jiragen kamfanoni 15 na ƙawancen kafin shekara ta ƙare zai samu maki miliyan ɗaya. Ɗaruruwan mutane suka ɗauki hutu a wurin aiki suka bi ta Turai da Asiya da Amurka, suna kwana a kan bencin filin jirgi, suka cika sharaɗin. Ladan da aka ba su shi ne ƙarin hawa jirgi.

Mai karatu zai tambaya, in ana yi wa kamfanoni irin wannan ɗibar, me ya hana su rufe shirin? Amsar ta fito fili a 2020, lokacin da korona ta ajiye jirage a ƙasa. United ya je neman rance, da aka tambaye shi jingina sai ya ajiye shirinsa na mil, MileagePlus, wanda aka yi wa kuɗi kusan dala biliyan 22, wajen ninki biyu na darajar kamfanin gaba ɗaya a kasuwar hannun jari a lokacin. Ya karɓi biliyan 6.8. Delta ya karɓi biliyan 9 a kan nasa, American ya karɓi biliyan 10 a 2021. Dalili shi ne kamfanin jirgi sayar da mil yake yi wa banki, da tsabar kuɗi, yau. Kujerar da zai bayar a madadinsa kuwa sai wata rana, in akwai gurbi, in mai mil ɗin bai manta ba, in bai mutu ba. A 2023 kaɗai American Express ya biya Delta dala biliyan 6.8, kuma shugaban Delta, Ed Bastian, ya ce abin da ake kashewa da katunan kamfaninsa ya doshi kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin Amurka baki ɗaya. Kofi dubu goma sha biyu na fudin ba ya girgiza irin wannan rumbu. Talla ma ya zame musu.

To, wa ke biya? Mu koma ga kashi 20 ɗin nan. A ɗauka mutum ya kashe dala 4,000 don ya samu garaɓasar da ta kai dala 600, sai abin ya fi ƙarfin albashinsa, bashin ya shekara a kansa a kashi 22. Ya biya kuɗin ruwa wajen dala 880, ban da kuɗin shekara. Ya sayi dala 600 a kan 880, kuma yana ba abokai labarin ya hau jirgi kyauta. Irinsa ba kaɗan ba ne: kusan rabin masu katin bashi a Amurka sukan tsallaka wata da bashi a kansu, kuma a 2023 jimillar bashin kati a ƙasar ta haura dala tiriliyan 1. Wani bincike da masana daga babban bankin Amurka da Asusun Lamuni na Duniya suka fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa katunan garaɓasa suna kwashe wajen dala biliyan 15 duk shekara daga hannun masu sakaci da biya zuwa hannun masu kiyayewa, kuma in aka duba unguwa-unguwa, kuɗin daga yankunan masu ƙaramin ƙarfi da ƙarancin karatu yake tashi zuwa na masu hali. Tun 2010 reshen babban bankin da ke Boston ya nuna cewa mai biya da tsaba yana tallafa wa mai kati ta hanyar farashin kaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ne ɓangaren da ke ci mini rai: matar da ke ƙirga canjinta a kantin cefane tana da hannu a rigar barcin da aka miƙa wa wancan a hanyar Tokyo, ba ta sani ba, ba kuma wanda zai gode mata.

Mai shakka ya dubi Turai. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade kason bankuna a kan katin bashi, kada ya wuce kashi 0.3 cikin 100. Bature a Faransa ko Jamus yana da kati, yana hawa jirgi, amma ba ya ganin irin garaɓasar Ba'amurke, domin buhun da ake ɗiba an ɗaure bakinsa.

Shi kansa mil ɗin da aka sha wahalar tarawa ba mallakin mai shi ba ne. Haka yake rubuce a sharuɗɗan da kowa ke danna wa amincewa. A da kamfanoni suna wallafa jadawali, tafiya kaza mil kaza. Delta ya janye nasa a 2015, wasu suka bi, yanzu farashi yana sauyawa yadda kamfani ya ga dama. Tikitin da kake tara wa mil yana iya ƙara tsada kana tsakiyar tarawa, ba sanarwa. Ana ma iya korar mutum. Wani malamin Yahudawa a jihar Minnesota, Binyomin Ginsberg, yana kan babban aji a kamfanin Northwest, sai a 2008 aka soke shi. Kamfanin ya ce ya kawo ƙorafi sau 24 cikin kimanin wata takwas, tara daga ciki a kan jinkirin fitowar akwati. Ya kai ƙara, shari'ar ta je har Kotun Ƙoli. A watan Afrilun 2014 alƙalai tara suka haɗu a kan ba shi da hanyar da ya biyo. Shi ya sa gwanayen sana'ar ba sa adana mil don tsufa. Suna samu suna ƙonawa.

Hukuncina a kan sana'ar shi ne tana da riba ga mutum iri ɗaya tak: mai albashi tabbatacce, mai biyan lissafinsa duka kowane wata ba fashi, wanda ba zai ƙara sayen ko ashana ba saboda maki, kuma mai jin daɗin karanta ƙananan rubutu da dare. Duk wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, shi ne abincin tsarin. 'Yan'uwanmu da suka je karatu ko aiki Amurka, waɗanda akwatin wasiƙarsu ke cika da tayin kati tun ba su gama sanin hanyar masallaci ba, su yi wa kansu wannan awo da gaskiya. Ga Musulmi ma akwai tambayar da ta riga lissafi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa katin bashin da aka gindaya wa sharaɗin kuɗin ruwa bai halatta ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Akwai malaman da suka sassauta wa mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya ba kati. Mutum ya zauna da malaminsa kafin ya zauna da banki.

Akwai kuwa wani kaso na wannan harka da ba bashi a cikinsa, ba kuɗin ruwa, ba sulalla, kuma mutanenmu ne suka fi kowa barinsa a ƙasa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Guangzhou ko Dubai ta Addis Ababa sau da yawa a shekara, da Hajiyar da ke saro kaya a Alƙahira, da mai zuwa Umara duk azumi, su ne ainihin fasinjan da aka ƙirƙiri shirin dominsa a 1981. Ethiopian yana da ShebaMiles, Saudia yana da Alfursan, EgyptAir da Qatar Airways kowa da nasa, kuma rajista kyauta ce ta waya. Ethiopian da EgyptAir duk suna cikin ƙawancen Star Alliance, don haka lamba ɗaya tana iya karɓar mil na tafiya da kowannensu, gwargwadon irin tikitin da aka yanka. Wanda sunansa ke kan tikiti shi ake rubuta wa mil, kuma mai yawan tafiya yana iya kai wa ajin da ake ƙara masa kilo na kaya, abin da ɗan kasuwa ya fi kowa sanin kuɗinsa. Alhaji, Hajiya, kun riga kun biya kuɗin wannan gyara a cikin tikitinku. Ku yi rajista da suna daidai yadda yake a fasfo, ku ba ejan lambar kafin ya yanka tikiti na gaba, ku duba ta fito a jikin takardar shiga jirgi, kuma ku tambayi ranar da mil ɗin ke lalacewa.